Yadda ake ajiye tsohuwar mota ba tare da ta lalace ba

A garuruwa da ƙauyukan ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo, a yammacin jihar Kano, ba abin mamaki ba ne mutum ya ga tsohuwar mota ƙirar Peugeot, wadda aka fi sani da Fijo, a yashe ƙarƙashin bishiyar darbejiya ko cikin wata rumfa, tayoyinta sun sace, ƙura kuma ta rufe gilasanta.

Galibin irin waɗannan motoci da ƙafarsu suka zo inda suke. Wata mai ita ne ya yi doguwar tafiya, wata tsufa ko rashin lafiya ne ya hana shi tuƙi, wata kuma rasuwa ya yi, ana jiran rabon gado.

Akwai kuma waɗanda tsadar mai ta sa suka jingine motocinsu. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayun 2023, farashin hukuma na lita guda ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kimanin naira 500 cikin 'yan kwanaki, ya kuma haura naira 1,000 a wurare da dama a shekarar 2024.

To sai dai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, zama wuri guda ya fi yi wa mota lahani a kan tafiya, muddin ba a shirya ta domin zaman ba. Shirin kuwa aikin yini ɗaya ne ko biyu.

Me ya sa ake damuwa da Fijo?

A shekarar 1968 ne kamfanin Peugeot ya fitar da samfurin 504 a Faransa, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. Ta yi suna a Afirka saboda juriyar da take da ita a kan munanan hanyoyi, har ma ta lashe gasar tseren motoci ta Safari a Kenya a 1975.

A wannan shekara ta 1975 ne masana'antar Peugeot da ke Kaduna ta soma harhaɗa motoci. Ba a jima ba Fijo ta zama motar gwamnati, motar hakimai da manyan ma'aikata, sannan motar haya. A-kori-kurarta kuma ta zama jakin kasuwannin ƙauye, tana ɗaukar buhunan masara da dawa da gyaɗa.

An daina ƙera 504 ta shiga a Turai a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har zuwa 2006, inda aka harhaɗa fiye da guda 400,000. Ƙasar Rogo ta yi iyaka da jihar Kaduna da kuma jihar Katsina, don haka motar ba baƙuwa ba ce a yankin.

Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, wato FIVA, na ɗaukar motar da ta kai shekara 30 a matsayin ta tarihi, idan an adana ta yadda take. A Birtaniya kuma, motar da ta haura shekara 40 ana iya ɗauke mata harajin hanya. Ke nan duk wata Fijo da ta fito daga Kaduna a shekarun 1970 da 1980 ta riga ta shiga wannan sahu, kuma tunda ba a ƙara yin sabuwa, kowace guda da aka sayar wa 'yan gwangwan ta tafi ke nan.

Shawarar Turai, yanayin Kano

Akasarin littattafan da ke bayani kan ajiyar mota an rubuta su ne domin ƙasashe masu sanyi, inda abin tsoro shi ne ƙanƙara, da gishirin da ake barbaɗawa a kan tituna, da ruwan inji da ke daskarewa.

Babu ko ɗaya daga cikinsu a Ƙaraye. Abin da ke nan shi ne zafin bazara wanda kan haura digiri 40 a ma'aunin Celsius a watannin Afrilu da Mayu, da danshin damina daga Yuni zuwa Satumba, da ƙurar hunturu. A kan waɗannan kuma ga ɓera da gara. Gidajen da ke kusa da madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, da masu maƙwabtaka da fadamu, sun fi sauran fama da danshin ƙasa.

Saboda haka matakin farko shi ne zaɓen wuri, kuma a nan ne aka fi yin kuskure.

Wurin ajiya

A yankin da kusan kowane magidanci manomi ne, ɗakin da ake sa mota sau da yawa shi ne ɗakin da ake jibge buhunan hatsi da na takin zamani. Duka biyun abokan gabar mota ne.

Hatsi na janyo ɓera. Shi kuma ɓera idan ya samu motar da ba ta motsi, to ya samu gida: yakan ciccije wayoyin lantarki, ya yage soson kujeru, ya yi sheƙa cikin matatar iska ko bayan dashbod. Ɓarnar da zai yi wa wayoyi cikin wata guda tana iya ɗaukar mai gyaran waya kwanaki kafin ya gano bakin zarenta, kuma wayar da aka ɓare wa roba kan haddasa gobara ranar da aka mayar da batir.

Takin zamani kuwa yana zuƙar danshi daga iska, ƙurarsa kuma na cin ƙarfe. Duk wanda ya taɓa ganin bayan a-kori-kurar da aka saba ɗaukar taki da ita ya san yadda tsatsa ke huda shi.

Akwai hatsari na uku da ba a cika ambata ba, wato ƙwayar maganin ƙwari da ake sa wa cikin buhunan hatsi da wake. Iskar da take fitarwa guba ce mai kisa ga ɗan Adam a rufaffen wuri, sannan tana cin jan ƙarfe, wanda da shi ake yin wayoyin mota. Bai kamata a jefa ta cikin mota da nufin korar ɓera ba, kuma bai kamata a yi amfani da ita a ɗakin da motar take ba.

Abin da ya fi dacewa shi ne ɗaki mai rufi, mai daɓen siminti, mai tagogin da iska ke ratsawa. Idan daɓen ƙasa ne, sai a shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashin motar domin ta tare danshin da ke tasowa, a kuma riƙa duba hanyar gara, musamman idan a-kori-kura ce mai bodin katako.

Inuwar bishiya ba wurin ajiya ba ce. Kashin tsuntsaye da ƙaron itace na cin fenti, ganye kuma na toshe magudanan ruwa da ke gindin gilashin gaba, ruwa ya kwanta, tsatsa ta kama daga ciki.

Wanki da lulluɓi

Kafin a shigar da motar sai an wanke ta sosai, har da ƙarƙashinta da cikin mazaunin tayoyi. Jar lakar da ke manne wa mota a hanyoyin karkara lokacin damina tana riƙe ruwa kamar soso, kuma a bayanta ne tsatsa ke soma aiki. Bayan wanki a bar ta ta bushe a rana, a shafa wa fentin man goge mota, a kuma ɗan shafa giris a kan sassan ƙarfe masu ƙyalli.

A share cikinta kada a bar ko ƙwayar gyaɗa. A ɗaga shimfiɗun ƙasa a tabbatar babu jiƙa a ƙarƙashinsu.

Game da lulluɓi, mutane sun fi son tamfol ko leda, alhali su ne suka fi lahani. Suna tare gumi, kuma idan iskar hunturu ta kaɗa su a kan ƙura, sai su riƙa gurzar fenti. Yadin auduga, ko da tsofaffin zannuwan gado ne aka ɗinke, ya fi, domin iska na ratsa shi.

Baƙin mai da ruwan lagireto

Wasu na ganin asara ce a zuba wa motar da ba za ta je ko'ina ba sabon baƙin mai. Ba haka ba ne. Man da ya yi aiki na ɗauke da dauɗar ƙonewa da sinadarai masu tsami, waɗanda idan suka kwanta wata da watanni sukan ci sassan cikin inji. Don haka a juye shi tun injin na da ɗumi, a sauya matatarsa, a zuba sabo, a tayar da motar na 'yan mintoci domin ya zagaya.

Idan zaman zai wuce shekara, makanikai kan kwance fulogi, su ɗiga kimanin cokali guda na baƙin mai a kowace silinda, su juya injin kaɗan, sannan su mayar da fulogin. Wannan ne ke hana fistin manne wa jikin silinda, abin da ke sa a ce inji ya kafe.

Lagireto ma na bukatar kulawa. Al'adar da aka saba ita ce a ɗura masa ruwan rijiya ko na burtsatse. Motar da ke aiki kullum na iya jure wa hakan na wani lokaci, amma injin Fijo 504 gangar jikinsa baƙin ƙarfe ne, kansa kuma na alminiyam, kuma ruwa tsura idan ya kwanta tsakanin ƙarafa iri biyu yana gaggauta cinsu. A wanke lagireton, a zuba ruwan sanyaya inji na kanti mai maganin tsatsa. Barinsa fayau babu komai shi ma ba dabara ba ce, domin iska da ragowar danshi za su haɗu su yi tsatsa.

A cika tanki ko a juye?

A nan ne ra'ayi ya rabu, kuma kowane ɓangare na da hujja.

Man fetur ba ya daɗewa. Cikin wata uku zuwa shida yakan soma lalacewa, kuma zafi na ƙara masa sauri. Sassansa marasa nauyi su tashi, abin da ya rage ya zama kamar danƙo, ya toshe ƙananan kafofin kafireto. Tsohon mai yana da wani wari irin na fenti, wanda duk bakanike ya sani.

A ɗaya hannun kuma, tankin Fijo na ƙarfe ne. Idan aka bar shi rabi, iskar da ke ciki na yin raɓa idan dare ya yi sanyi, ruwan ya sauka ƙasan tankin ya yi tsatsa.

Idan ajiyar ta 'yan watanni ce, kamar ta wanda zai yi damina a wani gari, ya fi kyau a cika tankin da sabon mai daga gidan man da aka yarda da shi. In an samu maganin da ke hana fetur lalacewa, a zuba, a kuma yi 'yar tafiya da motar domin ya kai ga kafireto. Ba a ba da shawarar man bumburutu domin wannan aiki, tunda ba a san abin da aka gauraya a ciki ba. Masu motoci a Najeriya ba su manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol wanda ya lalata injina da dama. Tsofaffin robobi da tiyo sun fi saurin jin jiki daga irin wannan mai.

Idan kuwa ba a san ranar da motar za ta sake hawa titi ba, to juyewa ta fi. A tsiyaye tankin, a bar injin ya yi aiki har ya mutu da kansa domin kafireto ya bushe. A ganina wannan ne ya fi dacewa da yawancin gidaje a yankin, saboda wani dalili da bai shafi inji ba: tankin 504 na cin fiye da lita 50, kuma ajiye wannan adadi na fetur a ɗaki mai rufin kwano, kusa da madafi da wurin wasan yara, kasada ce. A yi juyen a fili, nesa da wuta da taba.

Batir

Batirin da aka bari a jikin mota zai mutu, ko da an kashe komai. Yana zubar da cajinsa da kansa, kuma a ƙiyasin masana saurin zubarwar kan ninka duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. Idan ya daɗe babu caji, farantan dalmar da ke cikinsa kan yi wani ɓawo da ba ya narkewa, daga nan ba ya sake riƙe wuta.

A cire shi, a soma kwance kan da ke da alamar ragewa, a ajiye shi wuri mai sanyi da inuwa. Cikakken batir na nuna kimanin volt 12.6, kuma idan ya sauka ƙasa da 12.4 yana bukatar caji. Wata-wata ya isa. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, ƙaramin farantin sola mai na'urar daidaita caji na iya yin aikin.

Idan dai zaman na shekaru ne, babu amfanin wahala. A sayar da batirin ko a ba wani ya yi amfani da shi, a sayi sabo idan lokaci ya yi.

Birki, kuloci da tayoyi

Kada a ja birkin hannu. Da zarar damina guda ta wuce, takalmin birkin na iya manne wa ganga, tayar baya ta ƙi juyawa. A sa waigi gaba da bayan taya, kamar yadda yaran manyan motoci ke yi.

Man birki na shan danshi daga iska, shi ya sa ake sauya shi duk bayan shekara biyu. Idan ya tsufa, a sauya kafin ajiya. Kuloci ma kan manne, don haka duk wanda ke leƙa motar ya riƙa taka shi da birki sau da yawa.

Taya kuma idan ta daɗe da nauyi a gefe guda takan baje a wurin. Domin 'yan watanni, ya isa a ƙara mata iska kaɗan ba tare da an wuce adadin da ke rubuce a jikinta ba, a riƙa tura motar gaba ko baya lokaci-lokaci. Domin dogon zama, a ɗaga motar a ɗora ta kan ƙarafan tokara ko kututturan katako mai ƙarfi. Bulon siminti na iya fashewa ba zato, kuma jak ba a yi shi domin riƙe mota na tsawon lokaci ba.

A gefen kowace taya da aka yi daga shekarar 2000 akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka ƙera ta. Misali, 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta kai shekara 10 ba abar yarda ba ce ko da zanenta bai goge ba.

Toshe kafofi

Bakin salansa da mashigar iska su ne ƙofofin ɓera da ƙadangare, wani lokaci har da maciji. Zanzaro ma kan yi gininsa na laka a duk ramin da ya samu. A cusa soson ƙarfe na wanke tukunya a bakin salansa, domin ɓera ba ya iya cizonsa, a kuma rubuta takarda a manna a kan sitiyari cewa an toshe, saboda bayan shekara biyu babu mai tunawa.

Tarko da kyanwa sun fi guba. Ɓeran da ya ci guba kan shige cikin kujera ya mutu, ga kuma hatsarinta ga yara da kaji. Idan an ga kashin ɓera a cikin mota, a jiƙa shi da ruwa mai sinadarin kashe ƙwayoyin cuta kafin a goge, kada a share shi a bushe, domin ta fitsari da kashin ɓera ne ake kamuwa da zazzaɓin Lassa.

Shin a riƙa tayar da ita?

Al'ada ce a ce wa yaro ya riƙa ɗumama motar kowace Juma'a na minti biyar. Wannan ya fi cutarwa a kan amfani. Ƙonewar fetur na samar da tururin ruwa, kuma idan injin bai yi zafi sosai ba, ruwan na zama cikin salansa da baƙin mai. Batir ma ba ya mayar da abin da ya kashe wajen tayarwa.

Ko dai a fita da ita a yi tafiyar kimanin rabin sa'a sau ɗaya a wata, ko kuma a shirya ta yadda aka bayyana a ƙyale ta.

Ranar da za a tashe ta, a cire abin da aka toshe, a duba wayoyi da tiyo da bel, a duba mai da ruwa, a juya injin da hannu a tabbatar bai kafe ba, a zuba sabon fetur. A gwada birki a cikin gida kafin a hau hanya.

Takardu da batun gado

Motar da ta fi shahara cikin waɗanda aka adana a Najeriya ita ce baƙar Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga watan Fabrairun 1976, wadda ke gidan tarihi na ƙasa a Legas. Ita tana da hukuma mai kula da ita. Motar gida kuwa ba ta da mai tsaro sai wanda aka ɗora wa alhakinta.

Abin da ya fi cinye motocin da aka jingine, bayan ɓera da tsatsa, shi ne aro. Maƙwabci ya zo aron kafireto domin tasa ta samu matsala, wani ya ɗauki fitila, wani taya, da alkawarin za a mayar. Tunda kayan gyaran Fijo na asali sai ƙara wuya suke yi, bayan 'yan shekaru sai a tarar saura ƙwarangwal.

Wannan ya fi faruwa da motar mamaci, wadda ta zama dukiyar magada, cikinsu har da marayu, amma babu takamaiman mai ita har sai an yi rabo. Abin da ya kamata shi ne tun ranar da aka rufe ta a ɗauki hotunanta ciki da waje da kuma na inji, a rubuta lambar inji da ta jikin motar da abin da ma'aunin tafiya ya nuna, a gaban shaidu biyu. A damƙa makulli ga mutum guda.

Takardun mallaka da na kwastan, idan daga waje aka shigo da ita, kada a bar su cikin aljihun motar, inda gara da ɓera za su same su. A sa su cikin leda a akwatin ƙarfe a cikin gida, a kuma ba wani daga cikin magadan kwafinsu.